Randar Hajj Tijjani Ta Zo Ta Ɗaya, An Cire Sunan 'Yata

Zuwa ga Ustaz Mudir,
Shugaban sakandaren 'yan mata ta unguwarmu,
Umdurman.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da iyali, da malaman da suka rage maka bayan watsewar jama'a.

Ina farin cikin sanar da kai, da mutanen Umdurman da Bahri da Khartum baki ɗaya, cewa randar ruwan maƙwabcina Hajj Tijjani ta zo ta ɗaya a ajin ƙarshe na makarantarka. Na ga sakamakon da idona a takardar da kuka liƙa a bakin ƙofa. Mun je mun yi mata barka. Muka tarar da ita sai zufa take yi, irin ta wanda ya sha karatu.

Ga yadda aka yi, don masu karanta wannan takarda da ba 'yan unguwa ba. Da yaƙi ya ja baya daga wajenmu, aka tarar makaranta ba rufi ba kujeru, sai kuka ce darasi zai riƙa zuwa ta waya, cikin wata manhaja da aka kawo muku. Manhajar tana ƙirga mintocin da darasi ya yi a buɗe, ku kuma da wannan ƙirgen kuke auna ɗalibai. 'Yar Hajj Tijjani tana Jabal Awliya wata biyu ke nan, tana jinyar kakarta. Mahaifinta yana da sola a gida. Kullum da safe sai ya kunna darasi da sunanta, ya jingina wayar da randa saboda nan ne inuwa, ya fita harkarsa. Da na ce zan rubuta maka, cewa ya yi, "Rubuta, ya akhi, ko Allah zai sa randar ta samu jami'a."

'Yata Safiyya kuwa, a ajin nan ɗaya, kun cire sunanta daga jerin waɗanda za su zauna jarrabawar shahada, wato ta kammala sakandare, bana. Jerin zai bar ofishinka ranar Alhamis. Yarinyar nan yaƙi ya riga ya ci mata shekara biyu, yanzu kuma mai ƙirgen minti yana neman ta uku.

Na farko. Waya ɗaya ce a gidana. Ni mai ɗaurin littattafai ne a kasuwa, ina yi musu bango da fata. Ka sani kamar yadda na sani, yau ba mai riƙe takardar kuɗi, ko kofin shayi ta waya ake biya. Layinmu kuma ba wuta, sai a shagon mai sola da ke kusa da rumfata nake yin caji. Saboda haka wayar tana fita da ni da sassafe, ta dawo da ni da magariba, lokacin da shabaka, wato sabis ɗin waya, take ɗaukewa kamar mai azumi ya ji kiran salla. Ban ji wanda ya tambayi iyaye waya nawa ce a gidajensu ba kafin a kafa wannan doka. Wataƙila an tambayi randa.

Na biyu. Ustaz, kai ɗan garin nan ne, ka san mu. Kakana ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa zai je Makka, ya yada zango a nan, zangon da har yau ba mu tashi ba. Bai bar mana gona ko gida ba, allo ya bari da kwalbar tawada. A gidanmu abin da hannu bai rubuta ba, ba a cewa an karanta shi. Haka Safiyya ta tashi. Tana idar da sallar asuba sai ta buɗe darasin ranar, ta kwafe shi cikin littafi har da zane-zanensa, ta miƙo mini wayata in tafi. Sannan ta wuni a kan abin da ta rubuta, tana maimaitawa da ƙarfi a ƙarƙashin rumfa, har uwarta, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta haddace sunayen ƙasusuwan hannu. Manhajarku ta ga minti ashirin na kwafi. Wunin ba ta gan shi ba, don ba ta da ido a tsakar gidana, alhamdu lillahi.

Na uku. Ranar Litinin na hau raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, na zo ofishinka da littattafanta bakwai, waɗanda ni na ɗaure su da fatar akuya. Na ajiye su a kan teburinka. Ka ɗora kofin shayinka a kan na sama. Ka juyo mini da fuskar kwamfuta, ka nuna mini wani jan layi ɗan guntu, ka ce wannan shi ne ƙoƙarin 'yata. Na ce ka buɗe ko shafi ɗaya. Ka ce ba kai ka cire ta ba, nizam ne, wato tsarin kwamfuta, ya cire ta. Na tambayi inda wannan Nizam yake zama in je in gaishe shi, ka ce ba lokacin wasa ba ne. Gaskiyarka. Da'irar kofin tana nan a bangon littafin lissafi, kuma ita ce kaɗai alamar da makarantarka ta taɓa yi wa aikin yarinyar.

Na huɗu. Shekara talatin ina ɗaure littattafan mutane, kuma ina da mugun halin karanta su kafin masu su su dawo. Na karanta na fiƙihu, na likitanci, na tarbiyya, har da na kiwon kaji. Ban taɓa cin karo da malamin da ya auna ilimi da daɗewar zama ba. Da daɗewa a kan littafi ita ce malanta, da gara ce babbar shehiyar Umdurman, don ita har cinye shi take yi.

Kada a ce na raina waya. Malaman da suka watsu garuruwa suna aiko da darasi daga inda suke, muryarsu tana shigowa gidana, wannan ni'ima ce. Abin da na raina shi ne mutum mai digiri da rawani ya miƙa wa agogo hankalinsa ya koma shan shayi.

Buƙatuna ba su da yawa. A mayar da sunan Safiyya kafin Alhamis. In kana shakka, ka zaunar da ita gaban duk malamin da ka ga dama, a yi mata tambaya a kowane fanni. In ta kasa, zan kama hannunta mu koma gida, ba za ka sake jin bakina ba. Kuma kada wannan takarda ta zama dalilin taɓa 'yar Hajj Tijjani. Jinya take yi, kuma ba ita ta ƙirƙiro ma'aunin da tukunya za ta iya ci ba. In ta dawo, ita ma a tambaye ta.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya mayar wa makarantarka rufinta da malamanta, ya ba ka ikon buɗe littafi idan an ajiye shi a gabanka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifin Safiyya,
mai ɗaurin littattafai, kasuwar Umdurman.

Ƙari: Na gama rubutun nan sai ga Ustaza Amna, malamar kimiyya, ta zo gida da ƙafarta. Ta duba littattafan shafi shafi, ta gano babi guda da Safiyya ta kwafe a karkace ta kuma haddace shi a karkace, saboda ba ta taɓa samun sauraron bayanin malama har ƙarshe ba. Ni ne nake tsaya mata a ka kullum da takalmi a ƙafa ina cewa ta yi sauri. Nan kam ni na yi kuskure. Daga gobe wayar za ta kai azahar a gida, kasuwa ta jira. Saura naka, Ustaz, kafin Alhamis.