Safar Hannu a Ɗakin Inna

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Kunya ta hana ni gaya wa ko da abokan aikina, shi ya sa na kawo kukana gare ki.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɗakin marasa lafiyar da jikinsu ya yi tsanani. Mahaifiyata, muna ce mata Inna, ciwon daji ne ya cinye ta. Likita ya tara mu ya ce magani ya kai iyakarsa, sai dai a riƙa rage mata zafi. Inna ta ji komai da kunnenta, kuma hankalinta garau. Ta ce a mai da ita ɗakinta, ta gaji da huda, kada a ƙara soka mata ko da allura ɗaya. Ni ce ma na riƙe hannunta na ce na yi alkawari.

To, da ta daina cin abinci, ruwa ma sai a jiƙa mata leɓe, sai gida ya juyo kaina. Yayanmu babba ya ce wane irin karatu na yi, ga nas a gida ana kallon tsohuwa tana bushewa? Autarmu kuwa sai dai ta kalle ni ta fashe da kuka. Gwaggo kuwa duk wanda ya zo dubiya sai ta ce masa ai 'yar asibiti muke da ita, amma ba mu ga amfaninta ba. Wallahi Anti, na san ƙarin ruwa ba zai tashe ta ba. Iyalai nawa na zaunar na yi wa wannan bayanin? Amma a gaban Yaya sai na koma yarinyar da ake aike.

Na kawo kayan ƙarin ruwan. Na jira ta yi barcin rana, na rataya ledar ruwan a ƙusar da take rataya mayafinta, na sa safar hannu kamar yadda na saba, na nemi jijiya. A karo ɗaya na samu, har Yaya yana yaba hannuna. Sai ta buɗe ido. Ba ta fizge ba, ba ta yi faɗa ba. Ta dubi allurar, ta dubi safar, ta ce a hankali ta ɗauka 'yarta ce ta shigo, ashe nas ce.

Kaico! Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Sai a lokacin na tuna cewa tun da ta dawo gida ban taɓa ta da fatar hannuna ba. In zan juya ta, safa. In zan goge mata baki, safa. Ni da nake yi wa ɗalibai faɗa cewa mara lafiya mutum ne, ba lambar gado ba.

Yanzu ƙafafunta sun kumbura, ƙirjinta yana ƙara in tana numfashi. Ina shiga in canza leda in fito da sauri, ba na iya haɗa ido da ita. Ita ma ta daina kiran sunana. In na cire, Yaya zai ce ni na kashe ta. In na bari, ina azabtar da ita da hannuna. Kwanakinta kaɗan ne, aikina ne, na sani. Tsorona kada ta tafi tana kallona a matsayin wadda ta ci amanarta. Yaya zan yi?

Daga mai jin kunyar kanta

*

Ƙanwata,

Allah ya ba Inna sauƙi, ya sanyaya miki zuciya. Ba zan ce ba ki yi kuskure ba, kin yi. Mutum mai hankalinsa ya ce kada a soke shi, kika jira ya yi barci. Ke kanki da wata kika kama ta yi haka a wurin aiki, da ba ta ji da daɗi ba. Amma kuskuren da mai shi ke raye, kuma wadda aka yi wa tana raye, gyara yake jira. Kunyar da ke hana ki zama a ɗakin ita ce yanzu ta fi allurar cutar da Inna.

Kada kuma ki riƙe Yayanku a zuciya. Mutumin da bai san aikin asibiti ba, ledar nan da ke ɗiga ita ce kaɗai abin da yake gani ana yi wa uwarsa. Tsoro ne ya fito masa a kamannin faɗa. Laifinsa dai ya ɗora miki kayan da ba na 'ya ba ne.

Ga abin da nake gani. Yau ɗin nan ki kira likitanta, ki gaya masa gaskiyar abin da kika yi da kumburin da kike gani. Ni ba likita ba ce, hukuncin ruwan nasa ne da na Inna. Ki roƙe shi ya yi wa Yaya da Gwaggo bayani da bakinsa, don maganar da ƙanwa za ta faɗa a ƙi ji, in likita ya faɗa sai a ji. In Inna tana iya magana, a sake tambayarta a gabansu duka, abin da ta ce shi ke nan. Sannan ki nemi abokiyar aikinki ta karɓi harkar magani. Gidan nan zai iya samun wata nas, amma Inna ba za ta sami wata ke ba.

Kafin duk wannan, ki shiga ɗakin. Ki bar kwalin safar a waje, tana da lokacinta in za a yi wanki, riƙe hannu ba ya bukatarta. Ki zauna a bakin gadon, ba a tsaye kamar mai zagayen marasa lafiya ba. Ki ce mata kin saɓa alkawari, ta yafe miki. Kada ki tsaya dogon bayani. Ki ɗauki man shafawarta ki murza mata ƙafafun nan da suka kumbura. In kuka ya zo ki bar shi ya zo, 'ya tana kuka a gaban uwarta.

Ko ba ta amsa ba, ki ci gaba. Matar da ta gane safa ido biyu, za ta gane hannun 'yarta ko ido a rufe. Allah ya sa ki samu ta sake kiran sunanki, ya ba ku haƙuri gaba ɗaya.

Antinku