Ƙarfen da ke Kan Tulun Shinkafa

Litinin, 4 ga Maris, 1968
Duk wanda ya buɗe littafin nan, ya rufe ya je ya nemi aikin yi. Ke nake nufi, Warsini. Auren ɗana bai ba ki izinin shiga sif ɗina ba.

Ɗana Darmadi ya dawo daga tashar jiragen ruwa duk jikinsa baƙin mai. Shekara uku ke nan Rashawa sun daina aiko kayan gyara, sai a kwance jirgin yaƙi ɗaya a lallaɓa wani. Wai rundunar ruwa. 'Yan gwangwan dai, masu hula da igiya a kafaɗa.

Alhamis, 7 ga Maris
Na yi ciniki da mai sayen tsofaffin ƙarafa. Asabar zai kwashe akwatin tarkacen marigayi. Shekara ashirin da shida mijina Kasdi yana tsinto abin da aka zubar a ɗakin injin jiragen ruwa yana tara mini a ƙarƙashin gado. Mazan wasu gona suka bari.

Juma'a, 8 ga Maris
Darmadi yana cin tempe, wainar waken soya, ya tsaya cak, ya ƙura wa tulun shinkafa ido. Ashe ƙarfen tagullan da nake danne murfin da shi saboda ɓera yake kallo.

"Ibu, uwata, ina kika samo wannan?"
"Cikin gadon da ubanka ya bar maka."

Wai bawul ne na famfon kashe gobara, irin na jirginsu. Nasu ya tsage, sun duba duk garin Surabaya babu. Na ce manyansu su saya, ni ba ma'ajin gwamnati ba ce. Ya gama cin abincinsa.

Asabar, 9 ga Maris
Mai ƙarafa ya zo. Na ce kaina na ciwo.

Talata, 12 ga Maris
Jibi su Darmadi za su fita teku, kwana goma sha biyu. Na tambaye shi tsagaggen fa? Ya ce sun liƙe shi da dalma, sun naɗe da waya.
"In wuta ta tashi?"
"Akwai bokiti, Ibu." Har da dariya. Dariyar ubansa sak, mara kan gado.

Warsini tana kuka a kicin, da cikinta wata bakwai. Kuka bai taɓa gyara famfo ba, na faɗa mata.

Alhamis, 14 ga Maris
Sun tafi. Kafin nan na goge bawul ɗin da toka da lemun tsami, na naɗe a tsohuwar rigar Kasdi na sa wa Darmadi a jaka. Don kawai ya tsone mini ido ne. Na ɗora dutse a kan tulun.

Na jawo akwatin. Ashe kowane ƙarfe da 'yar takarda ɗaure a jiki, lamba da sunan inji, da rubutun nan nasa mai kama da tafiyar kaza. Ban taɓa dubawa ba.

Na tara su Warsini na sanar: daga yau ko ƙusa ɗaya ba ta fita daga gidan nan sai Darmadi ya gani. Wanda ya kira akwatin nan tarkace kuma, ya kwana da yunwa.