Rigar Sanyin Busan

Talata, 7 ga Nuwamba 2023

Abokina Isah ya zo wurin aikina bayan la'asar, abin da bai saba ba. Ya tarar ina saka alhazan Indonesiya a motar Makka a ƙofar otal. Sai da motar ta tashi ya faɗa. Kafilinsa, Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa, zai rufe shagon walda, ba zai sabunta masa iƙama, takardar zama, ba. Fita ce ta ƙarshe, ba dawowa. Kafin Fabrairu ya ƙare zai koma Zinder.

Ya faɗe shi kamar labarin wani ne. Ni ne na rasa inda zan sa hannuna.

Da zai tafi ya ce, "Bakano, ina Busan ɗin da ka yi min alkawari?" Da dariya ya faɗa. Amma dai ya faɗa.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Tun jiya Yanbu nake gani. Filin bayan sansanin ma'aikata, layin da muke ja da farar ƙasa, hayaƙin matatar mai can nesa. Ina ɗan shekara ashirin da ɗaya, ban san kowa ba. Mista Han, ɗan Koriyan da ke shugabantar masu walda, shi ya tara mu ya koya mana besbol: 'yan Filifin, 'yan Sudan biyu, ni da Isah. Da sanyi ya shigo sai a fara, kowace Juma'a da yamma. Da zafi ya dawo sai a ajiye sanda.

Isah ne mai jifa. Hannunsa kamar majajjawa.

Han ba ya gajiya da zancen filin garinsu Busan. Wai dubban mutane na rera waƙa baki ɗaya har kujera na rawa. Ranar da zai koma ƙasarsu ya bar mana sanda da ƙwallo da safar hannu ta fata. Ni da bakina na ce wa Isah wata rana zan kai shi. Na sha cewa baɗi.

Baɗin ta ƙare. Janairu za mu je. Lokacin sanyi ne, daidai tsakiyar wasa, kuma hutuna ya faɗo nan.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Na kalli wasan 'yan Koriya na wannan makon a waya. 'Yan kallo duk cikin manyan riguna, fili cike maƙil. An fara ke nan.

Laraba, 22 ga Nuwamba

Jirgi. Hanya uku na samu. Ta Jidda, ta Doha, ta Dubai. Ta Doha daga nan Madina take tashi, ba sai mun sha hanyar Jidda ba, amma akwai dogon zama a tsakiya, ga ƙafar Isah mai kumbura. A sauka Seoul, a hau jirgin ƙasa zuwa Busan. Na rubuta su gefe da gefe, na sake rubutawa.

Aikina ke nan kullum, shirya wa wasu tafiya. Alhazai nawa na ɗora a mota ba wanda ya taɓa rasa jirgi. Tawa ce ta tsaya min a wuya.

Ban saya ba tukuna. Sai biza ta fito.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Ko ta Dubai ta fi? Ban sani ba.

Alhamis, 30 ga Nuwamba

Masauki: akwai wani ƙarami kusa da filin, akwai wani kusa da masallacin garin. Na zaɓi na masallaci saboda abinci, sai kuma na ga jirgin ƙarƙashin ƙasa zai haɗa mu da matakala. Na koma na fili. Na tsara ranaku. Wasa sau biyu, kasuwar kifi, bakin teku, Juma'a a masallaci, yini guda na Han. Ban gaya wa Han ba, ina so sai komai ya kammala.

Matata Sumaya ta kawo shayi ta tsaya a kaina. Ita haihuwar nan ce, ba ta taɓa ganin wasan ba. Ta ce, "Abu Afnan, me ya sa Ammu Isah yake ce maka Gunki?"

Na yi mata bayani. Mai jifa yana jefo ƙwallo, kai kana riƙe da sanda. In ta zo daidai ka doka. Ka doki iska sau uku, ka fita. In ta kauce kuma ba ka motsa ba, an ci mai jifa. Ya kauce sau huɗu, ka wuce tashar farko a ɓagas, ba gudu ba gumi. Ni gwanin wannan ne. Ina tsayawa in jira mai jifa ya yi kuskure. Shekara uku a Yanbu, ba na jin na kai duka ya fi a ƙirga da yatsu.

Ta ce, "Yaani kana cin wasa da tsayuwa?"

Na ce dabara ce. Ta ɗauki tirenta ta fita.

Litinin, 11 ga Disamba

Mun kai takardun biza Jidda. A layi Isah ya miƙo min fom ɗinsa in karanta masa, wai ya manta tabarau. Tabarau na aljihun gabansa, ina gani. Walda ta ci idon. Ban nuna na lura ba.

A hanyar dawowa ya sa muka tsaya kasuwar gwanjo. Ya sayi rigar sanyi, ja, mai hula da gashi a baki, ta kai masa gwiwa. Ya sa ta a cikin mota har Madina, direba na ta kallonsa a madubi. Ya ce, "Mi kake kallo? Koriya za ni." Ni ya ce min in sayi tawa, na ce sai na duba yanayin garin tukuna. Ya ce, "Kanawa. Ko sanyi sai kun taya."

Na daɗe ban ga ya yi dariya haka ba.

Lahadi, 17 ga Disamba

Shafin sayen tikitin wasa bai nuna komai ba na Janairu. Ƙila sai lokaci ya matso suke sakawa. Ko ni ne ban iya shiga ba, fassarar waya ba ta da tabbas.

Talata, 19 ga Disamba

Na kira Han. Dole ta sa, don in tambaye shi tikiti.

Ya gane muryata. Ya tsufa, amma Larabcin sansani na nan a bakinsa, gauraye da Turanci. Ya tambayi Isah, ya tambayi hannun Isah. Da na ce za mu zo ya yi ihu ya kira matarsa. Sai na ce Janairu, wasa biyu, ina ne wurin zama mafi kyau.

Ya ce da Larabcin nan nasa, "Zakiru, Janairu ma fi besbol. Babu."

A can wasan bazara ne. Ƙarshen Maris ake farawa. Wanda na kalla a Nuwamba shi ne na rufe shekara. A Janairu filin a kulle yake, ciyawa ma ta bushe. Na ce ai da sanyi muke yi. Ya ce a Yanbu ne, don kada rana ta kashe mu. Ya yi dariya kaɗan, sai ya daina da na gaya masa batun Fabrairu.

Na duba alƙibla daga tagar masauki. Na duba matakalar jirgin ƙasa. Abu ɗaya ne ban duba ba, don na ɗauka na san shi.

Laraba, 20 ga Disamba

Sumaya ta ce alhamdu lillah da ban sayi tikitin jirgi ba. Gaskiya ta faɗa. Shi ya fi min ciwo.

Asabar, 23 ga Disamba

Biza ta fito. Mu biyu duka.

Isah ya turo hotonsa da jar riga a ƙofar shago. Na mayar masa da alamar dariya.

Ina ta juya abin. Maris azumi ne, otal ba ya ba kowa hutu, kuma shi ya riga ya tafi. Daga Zinder ba zai iya wannan tafiyar ba, ni da shi mun sani. Ko mu je a hakan? Mu ga Han, mu ga teku, mu tsaya a bakin ƙofar fili a kulle. Na gwada tsara shi. Na kasa rubuta ranar filin.

Alhamis, 28 ga Disamba

Na gaya masa. Bayan isha'i a masallacin Ƙuba, muna tafe gida. Na yi ta kewaye-kewaye da zancen yanayi har ya ce, "Gunki, doka mana."

Da na gama ya tsaya a gefen titi. Na jira ya zage ni, da ya fi min sauƙi. Ya ce, "Ba a buga shi da sanyi?" Na ce ba a yi. Ya ce, "Duk ƙasar?" Na ce duk ƙasar.

Muka ci gaba da tafiya. Na kawo zancen zuwa ganin Han kawai. Ya ce shi ba ya son ya ga gini, kuma ba ya son Han ya gan shi yana lalube. Karon farko ke nan da ya ambaci idon.

Can ya ce, "To ina ake bugawa a Janairu?"

Na ce ban sani ba, sai na bincika.

Ya ce, "Kar ka bincika komi. Ka zo da sanda."

Asabar, 13 ga Janairu 2024

Jiya Yanbu. Ban tsara komai ba, bai bar ni ba. Motar haya daga tashar Anbariyya da safe, Juma'a a can, kifi da shinkafa a bakin teku. Ya zo da jar rigar. Iskar teku na ɗan kaɗawa, ya ce ai ga amfaninta.

An rushe sansanin. Filin na nan, ya ƙanƙance, ko ni ne na girma. An zuba siminti siriri a tsakiya, 'yan Pakistan da Bangladesh na buga kurket. Ba ɗan Filifin ko ɗaya. Na tambayi biyu, ba wanda ya san an taɓa wani wasa a wurin. Na fara tunanin lokacin motar komawa.

Isah ya je ya yi magana da babbansu. Ban san me ya ce ba, na dai ga suna dariya suna taɓa rigar. Suka ba mu gefe. Ɗaya ya karɓi safar hannun Han ya tsuguna a bayana. Isah ya taka da ƙafa har inda tudun jifa yake a da, ya goge ƙasa da takalmi, ya tofa a tafi. Komai yadda yake yi.

Ta farko ta wuce can nesa, mai cafewa sai da ya bi ta da gudu. Ta biyu ta daki ƙasa tun ba ta iso ba. Ni ina tsaye da sanda a kafaɗa, jikina ya koma wancan yaron, yana ƙirga. Biyu. Saura biyu in wuce.

Sai na kalle shi. Ya ƙanƙance ido yana neman inda nake. Bai san sun kauce ba sai ya ji shirun mutane. In na ci gaba da tsayuwa, ni ne zan gaya masa.

Ta uku ta zo sama da kaina. Na kai mata duka. Iska na doka, har na juya na kusa faɗuwa. 'Yan kurket suka kwashe da dariya. Isah ya ɗaga hannu sama, "Ɗaya!"

Ta huɗu ma na doki iska.

Ta biyar ta yi waje sosai. Na miƙa har na bar wurina, bakin sanda ya taɓa ta. Wani ɗan ƙas. Ta gangara a ƙasa a hankali ta nufi ƙafarsa. Na yar da sanda na ruga inda tashar farko take a da, yanzu tulin takalman mutane ne a wurin. Ina haki kamar zan mutu.

Ya ɗauki ƙwallon, bai jefa ba. Ya ce, "Shekara ashirin ina jira in ga ka yi gudu."

Mun yi ta yi har magariba. 'Yan kurket suka shigo, aka gauraya wasan, ba a san na wa ake bugawa ba. Na kira Han ta bidiyo na ɗaga wayar ya gani. Yana ta ihu daga Busan cikin bargo, wai riƙon sandata har yanzu ba daidai ba.

A mota Isah ya yi barci da hular a kansa. Kafaɗata na ciwo.

Lahadi, 14 ga Janairu

Ban iya ɗaga hannu ba. Sumaya na shafa min man zafi tana cewa, "Dabara ce, ko?"

Talata, 20 ga Fabrairu

Ya tafi. Na raka shi filin jirgi. Kaya sun yi nauyi, ya ciro jar rigar ya ɗora min a hannu, wai Zinder ba ta buƙata. Ƙwallon ya riƙe. Sanda da safa ya ce su zauna wurina, "don ka samu abin kawowa." Ya ce bayan gidansu akwai fili, ba siminti.

Na ce in sha Allah. Ya ce, "In sha Allah ta Kanawa ko ta gaske?"

Bizar Koriya na nan a fasfo, ba hatimi a kanta.

Lahadi, 24 ga Maris

Azumi, otal cike. Han ya turo bidiyon buɗe wasa. Gaskiya ya faɗa, suna rerawa baki ɗaya, har hoton na rawa. Na tura wa Isah. Ya ce bai ga komai sosai ba amma ya ji, ya saurara sau uku.

Da rana ina jiran motar alhazai, na ga jirgin Kano na bayan aikin hajji. Daga can mota zuwa Zinder. Na saya. Ban duba wani kamfani ba, ban ma tambayi mudir, manajan otal, hutu ba tukuna. Ƙila azumi ne ya sa, mutum ba ya tunani sosai da ƙishirwa.

Sai in tambaya ko ana barin sanda ta shiga jirgi. In ba a bari ba, a can ma akwai itace.