Jar Motar Hajji Ta Ƙi Gudu

Zuwa ga Yayana Habibu, usta, wato babban bakaniken warsharmu ta gyaran mota a nan Sabha.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a inda kake kwance. Ni ne Nasiru. Na san ba za ka karanta wannan ba. Na sa ta a shafina ne a fili saboda 'yan'uwanmu mazauna garin nan, waɗanda suka ji ana taɓa sunanka a wurin mai shayi, su ma su ji yadda maganar ta ƙare. Amma da kai nake magana, kuma ina da ƙorafi a kanka.

Wata huɗu ke nan da rasuwarka, ban taɓa jin haushinka ba sai a makon jiya.

Maganar jar motar Hajji Mas'ud ce, dattijon nan na Samnu mai gonar dabino. Ka fi ni saninta: tsohuwar motar Amurka mai ƙofa biyu da doguwar gaba, silinda takwas, wadda ya saya tun yana saurayi a hannun wani baƙo mai aikin rijiyar mai. Agogon kilomitarta ya zagaya ya sake zagayawa, har ya gaji ya tsaya. Shekara goma sha biyu kai kaɗai yake yarda ya miƙa wa makullinta. Ni nawa wanke tayoyi ne da miƙo sifana, ko da na yi gemu.

Ranar Asabar ta wancan makon ya kawo ta. Ya ce tun gyaran ƙarshe da ka yi mata, kafin ciwon ƙoda ya mayar da kai gida, ƙarfinta ya tafi. Tana tashi lafiya, ba hayaƙi, ba tari, ba wani ƙara. Amma da ta hau titi gudunta ya kai ɗari sai ta ja tunga, ko ya taka totur har ƙasa. Ya ce ya yi shiru duk watannin nan don kunyar mutuwa. Da nan ya tsaya da sauƙi. Sai ya ƙara, a gaban mutane, cewa ka yi aikin ne ciwo ya riga ya ci hannunka, ka lalata masa mota ka tafi.

Yaya, ka ji fa. Ba don furfurarsa ba da na faɗa masa wadda ba zai manta ba. Kafin la'asar magana ta kai wurin mai shayi, kuma ka san mutanenmu. Waɗanda ka koya wa riƙe sifana su ne masu cewa ashe ustan ma yana kuskure. Na karɓi makulli na ce wa Hajji ya ba ni mako guda. Ba motar ce ta dame ni ba, sunanka nake so in wanke.

Na fara daga inda ka koya mini. Kullum cewa kake, “Wuta, mai, iska. Duk motar da ta rasa ƙarfi, ɗaya daga cikin ukun nan aka hana ta.”

Na fara da wuta. Na cire fulogi takwas ɗin na jera su a kan tsumma. Kalarsu ɗaya, ruwan ƙasa mai kyau, amma duk da haka na canza su. Na bi wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya, na duba taimin, wato saitin lokacin kamawar wuta, sau biyu. Na fita da ita hanyar Samnu. Ɗari, ta tsaya.

Na koma mai. Ka san feturin jarka da ake saya a bakin titi idan gidajen mai suka bushe, rabi mai, rabi abin da Allah ya sani. Na ce shi ke nan, na kama ɓarawo. Na sauke tanki ni kaɗai, na wanke shi, na fitar da laka cikin tafin hannu. Na canza matatar mai, na gwada famfo, yana turowa kamar sabo. Na fita da ita da murnata. Ɗari, ta tsaya.

Iliya mai walda, maƙwabcinmu ɗan Damagaram, yana leƙowa kowace safiya yana cewa buji ne, wato fulogi a bakin mutanensu. Na ce masa na canza fulogin, ya ce to in sake canzawa, ai fulogin Najeriya na sa, ba buji ba. Da kana nan da kun yi ta dariya. Ni ko murmushi na kasa.

Mako ya cika, na roƙi ƙarin kwana. Na ari agogon awon matsi na auna silinda takwas. Ta bakwai ta ɗan yi ƙasa, amma ba abin da zai kashe mata gwiwa haka ba. Na ce ko salansa ce ta toshe, na kwance ta gaba ɗaya na fita da motar haka nan, ƙararta ta watsa awakin wani bawan Allah har ya bi ni da zagi. Na taɓa tayoyi huɗu bayan tafiya ko burki na kamawa, ba zafi. Na shinshina man giya, bai ƙone ba. Wallahi har tabarmar da ke ƙarƙashin totur na ɗaga.

Abinci ya daina shiga. In zauna in tashi, in zagaya motar, in sake buɗe bonet in rufe. Ina salla ina lissafin abin da ban duba ba, Allah ya yafe mini.

Alhali akwai abu ɗaya da ban duba ba, kuma na san da shi tun ranar farko. Kafireto. Na cire matatar iskar da ke kansa na kaɗe ta na mayar, ban ko leƙa ciki ba. Me ya hana ni? Kai ne. Kai ka wanke shi ka haɗa da hannunka a gyaran ƙarshe, kuma shekara da shekaru kana ce mini, “Kafireton Hajji nawa ne, kada in ga yatsanka a kai.” A gidanmu ƙani ba ya bin bayan aikin wansa yana dubawa. Gani nake idan na buɗe shi, na yarda ke nan da abin da Hajji ya faɗa. Kwana goma sha ɗaya ina zagaye wurin kamar mai zagaye sabon kabari.

Abin da ya sa na buɗe shi ma ba hankali ba ne, zuciya ce. Hajji ya aiko cewa idan na kasa zai kai ta wurin wani bakanike a Gudduwa. Na ce kafin baƙo ya sa hannu a aikinka, bari in buɗe da kaina in nuna wa duniya tsaftar aikin Habibu.

Ga masu karantawa da ba aikinsu ba ne: kafireton irin wannan mota maƙogwaro huɗu gare shi. Biyu na gaba su ne na tafiyar yau da kullum. Biyu na baya a rufe suke, ba sa buɗewa sai an taka totur da gaske, kuma a nan duk ƙarfin motar yake.

Na sa yatsa na tura na bayan. Ko motsi. Na ce tsatsa ce. Na leƙa ta ƙarƙashi, na goge baƙin maiƙon da ya taru a wurin, sai ga jar waya an ɗaure ƙarfen da ke buɗe su tam. Ba faɗawa ta yi ba, ɗaure ta aka yi, aka kuma shafa mata maiƙo don kada a gani. An murɗa ta hagu, sau uku, an lanƙwasa bakin ciki don kada ta soki hannu. Bahago ɗaya na sani a duk Sabha mai murɗa waya haka.

Na zauna a ƙasa daɓas. Haba Yaya! Haba!

Ban daɗe ba na gane dalili, don ina nan ranar da Hajji ya shigo bara da fitilar dama a fashe, yana zagin raƙumin da ya tsaya masa a titi. Ka tambaye shi daga ina ya hango raƙumin, ya canza magana. Ina nan kuma ranar da ya miƙa wa Iliya hannu yana kiran sunanka. Yanar ido ta cinye shi, kuma ba mai iya gaya masa ya ajiye mota, har 'ya'yansa. Kai ma ba ka iya ba. Sai ka rage mata numfashi ka yi shiru, ka tafi da shirunka.

To ni fa? Ka tuna da ni? Kalma ɗaya a waya, lokacin da kake kwance muna magana kullum, ta gagare ka? Ka tambaye ni ko na biya wa Inna maganin ƙafa, ka tambaye ni ko rufin warsha na yoyo, amma wannan ka bar ni in ci karo da ita ni kaɗai.

Kwana biyu na yi ina kai-kawo. Idan na yanke wayar na yi shiru, mota ta dawo, a ce Nasiru ya gyara abin da wansa ya ɓata, sannan in zauna ina jiran ranar da za a kawo mini labarin Hajji daga hanyar Samnu. Idan na bar ta na ce na kasa, mutumin Gudduwa zai gano ta kafin shayinsa ya huce, a ce ka cuci dattijon da ya amince da kai. Duk inda na juya, kai ne a ƙasa. Na ɗauki filaya na ajiye ya fi sau goma.

Ranar Alhamis da safe na tuƙa ta zuwa Samnu da wayar a jikinta. Na same shi a gona, suna ban ruwa. Na buɗe bonet, na cire matatar iska, na ce ya zo ya ga ciwon motarsa.

Ya sunkuya. Ya ƙara sunkuyawa har gemunsa na taɓa ƙarfe. Rana tsaka, waya ja wur a gabansa, bai gan ta ba. Sai da na kama yatsansa na ɗora a kai. Ya shafa ta, ya bi murɗin da farcensa, ya tambaye ni aikin wane ne. Na ce naka ne. Bai tambaye ni dalili ba. Ina jin yatsan nan ya riga ya gaya masa.

Ya zage ka, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Zagi na Larabci mai tsawo, rabinsa ban ma gane ba. Sannan ya ce in yanke ta. Ban ɗauki filaya ba, ya daka mini tsawa cewa motarsa ce. Na yanke.

Ya nufi ƙofar direba ya kama mariƙin. Ya daɗe a tsaye a wurin, ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Sai ya saki, ya zagaya ta gaba yana dafa bonet, ya buɗe ɗaya ƙofar ya zauna. Ya ce in ja.

Ka san miƙaƙƙen wurin nan bayan an bar gonaki. Nan ya ce in taka. Na taka. Kai! Shekara goma sha biyu ina wanke tayoyin motar nan, ban san abin da ke cikinta ba sai ranar. Da maƙogwaron bayan nan biyu suka buɗe sai ta yi wani gurnani daga ƙasa, gabanta ya ɗaga, bayana ya manne da kujera. Allura ta wuce ɗari kamar ba ta taɓa tsayawa a wurin ba. Hajji ya fitar da hannu ta taga yana ihu kamar yaro, hularsa ta tafi, ya ce kada in tsaya mata. Da na saci kallonsa, hawaye ne ke bin gefen fuskarsa. Ko iska ce, ko ba ita ba, ban tambaya ba.

Da muka dawo gona bai sauka da wuri ba. Ya zauna har injin ya daina ƙyas-ƙyas ɗin hucewa. Sannan ya ce, “Mayar da ita yadda usta ya ɗaure.”

Na samo waya a akwatin kayan aiki na ɗaure. Nawa ɗaurin na dama ne, kuma bai yi kyan naka ba. Na sunkuya zan ɗauki guntuwar taka da ta faɗi, ya ce in ba shi. Na ce ta ɗan'uwana ce. Ya ce a motarsa aka same ta. Ya sa ta a aljihun gaba, ya ɗaga hannu, ya yi maka addu'a da sunanka da sunan Baba, har masu ban ruwa suka ajiye aiki suka shafa. Jiya kuma ya sa an kawo shi wurin mai shayi, ya faɗi abin da ka yi da bakinsa, a gaban waɗanda suka ji ta farko.

Ba zan ce hankalina ya kwanta ba. Ɗarin ma ta yi masa yawa. Na yi masa maganar aikin ido, ya ce sai bayan an sauke dabino, kuma ka san halinsa. Duk jar motar da ta gifta sai na fito bakin titi.

Amma haushin ya tafi, Yaya. Kewarka ce ta rage, kuma ita ta fi nauyi. Ka san za a iya zaginka, ka ɗaure duk da haka, kana ciwo, da hannun da ake cewa ya mutu.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka kurakuranka. Yadda ka tsare ran wani a ɓoye, Allah ya tsare ka daga abin da ake tsoro a can. Ya buɗe idon Hajji, ya kai shi gida lafiya duk ranar da ya hau titi. Ya ba Inna haƙuri, ni ma ya ba ni.

Ka yafe mini, na sa yatsa a kafireton.

Naka har mu haɗu,
Ƙaninka Nasiru,
Sabha.