Abin da ke firiza ba nama ba ne

Maman yara,

Na ga kina barci, ban so in tashe ki ba. Albishirinki! Tsohon babur ɗin nan mai ƙafa huɗu da kike kira gawa ya kusa tashi. Na haɗa injin, na sa masa babban fistin, wani zoben ƙarfe da ake kira boris ne kawai ya ƙi shiga gurbinsa. Sai ya sha sanyi ya tsuke tukuna, shi ya sa na ƙulle shi a leda na ajiye a firiza, gefen kajinki. Don Allah kada ki fito da shi, balle ya faɗa tukunya. Na tafi sayo baƙin mai.

Ki nemo mayafin da iska ba za ta ɗauke ba. Gawar nan ce za ta kai ki gidan Mama da yamma.

Baban yara