Wayata Ko Tari Ba Ta Yi

Litinin, 3 ga Maris
Malamar da ke gadon kusa da nawa ce ke rubuta mini, ni ban yi boko ba. Aikin ido ya kawo ni ƙasar mutane, ƙanwata ce 'yar rakiya. A filin jirgi mai shago ya zare layina na gida ya sa na nan, wai ya fi araha. Ita ta ƙi, ta bar nata. Tunda muka sauka wayata ko tari ba ta yi ba.

Talata, 4 ga Maris
Tata kuwa sai ka ce kazar da ta yi ƙwai. Sau bakwai yau. Har autana, ɗan da na haifa, ita yake kira. Ta fice baranda tana ƙus-ƙus, "To ɗana, to ɗana." Malama, rubuta: yaushe ya zama nata? Ita ta yi naƙudar? A'a, goge. Bar shi ma.

Laraba, 5 ga Maris
Da ta tafi wanka na sa nas ta kira mini shi. Sau uku. Tana shiga, ba ya ɗauka. Jibi za a sa mini wuƙa a ido. In ban farka ba fa?

Alhamis, 6 ga Maris
Ta miƙo tata, "Yaya, ga auta." Na juya bango. Na ce ba zan ji ɗana a wayar aro ba, ya kira tawa, tunda ni in na kira ba ya ɗauka. Ta saki baki. "Wace lamba zai kira? Layinki na gida na ƙulle a bakin zanenki!" Ni na zaci lamba a jikin waya take. Ta ce, "Kuma wa ya sa yaran gidanki rantsuwa kada su ɗauki doguwar baƙuwar lamba, wai ta masu shan jini ce?" Malama, daina dariya.

Juma'a, 7 ga Maris
Ta tura wa auta sabuwar lambar. Da safe tawa ta yi ƙara, duk ɗakin sun ji. Yana kuka, ƙato da shi. Wai kullum ita ke kwantar masa da hankali. Da aka zo da keken tura ni ban kashe ba, na miƙa wa ƙanwata, na ce masa, "Ga Iyarka, ku ci gaba." Hannuna ne ya gaji, shi ke nan.