Numfashin da Ka Ce in Riƙe

Zuwa ga mahaifina, Baba Mamman na bakin gulbi.

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce ta ɗa ga uba, da ladabi da durƙuso, daga ɗakina na haya a Peckham, cikin birnin Landan. Wata uku ke nan da aka bugo mini waya cewa ka cika, kuma har yau in na ɗauki biro sai in ga kamar Liman zai zauna gindin tsamiya ya karanta maka. Akwai maganar da na ɓoye maka kana da rai. Yau zan faɗa.

Ka san yadda na baro Yawuri. Kuɗin mai ya tumbatsa, gwamnati tana neman waɗanda za su koyi aikin nutso saboda tashoshin jiragen ruwa da rijiyoyin mai na cikin teku, sunana ya fito. Ranar da ka raka ni tashar mota ka gaya wa duk wanda ya tsaya cewa Turawa ne za su koya a wurina. Ni ma haka na ɗauka. Ɗan Sarkawa masunta, wanda ya iya iyo tun kafin ya iya ɗaura wando, me za a nuna masa a ruwa?

Ina tuna yadda ka koya mini. Kana cikin kwalekwale, ni ina ƙasan ruwa na rungume gorar da ka kafa, kana buga gefen jirgi da filafili kana ƙirga. In na taso da wuri sai ka mayar da kaina ciki da tafin hannunka. Maganarka ɗaya ce kullum: “Wanda yas saki lumfashi ƙasan ruwa, rai nai yas saki.” Ta shiga jikina har ta zama kamar ƙiftawar ido.

Mu biyu aka haɗa a nan, don dokarsu ita ce ba mai nutso shi kaɗai. Abokin nawa Garba, Bakano, ɗan masu sayar da atamfa, wanda sai a Legas aka koya masa iyo da ƙyar. Baba, da ka ga Garba da tukunyar iska a baya da takalman roba irin ƙafar agwagwa, da ka yi dariya har ka faɗa gulbi. Na tsokane shi son raina. Kullum sai na tuna masa cewa ɗan na gada ya fi ɗan na koya, har ya mayar da shi sunana.

Malaminmu wani tsohon sojan ruwa ne, Bature mai jan gemu. A makon farko, a tafkin da suka gina cikin ɗaki, ya sauka ƙasa da balan-balan, ya hura masa iska kaɗan daga tukunya, ya ɗaure, ya sake shi. Muna kallo yana tasowa yana kumbura, kafin ya kai sama ya fashe. Ya ce haka huhun mutum yake. Iskar da ka shaƙa daga tukunya a ƙasa a matse take, in kana tasowa sai ta buɗe, in ka rufe bakinka ba ta da hanyar fita. Garba ya rubuta a littafi, ya ja layi biyu. Ni kuwa na gyaɗa kai kawai. A raina na ce wannan gargaɗin matsorata ne.

Sai ranar da aka kai mu wata tsohuwar tashar jiragen ruwa a gabashin gari. Ruwan baƙi ne, sanyinsa har cikin haƙori, ba ka ganin tafin hannunka sai ka kawo shi kusa da fuska. Mun sauka muna bin igiya. A can ƙasa wani ƙarfe ya maƙale tiyon iskata, ya fizge robar da nake shaƙa da ita daga bakina.

Ban yi tunanin komai ba. Jikina ne ya yi abin da ka koya masa. Na damƙe bakina, na buga ƙafa, na nufi sama.

Na ji ƙirjina yana cika alhali ban shaƙi komai ba. Wannan ne abin da har yau yake tayar mini da tsikar jiki. Iska tana ƙaruwa a cikina, ni kuma ina ƙara danne ta, ina jin daɗin cewa na iya. Sai na ji an kama ɗamarata an ja ni ƙasa, aka dunƙule hannu aka zabga mini naushi a ciki. Iskar ta fita da ƙarfi. Garba ne. Garban da nake yi wa dariya, shi ya riƙe ni yana taso da ni a hankali, yana sa mini robarsa a baki muna karɓa-karɓa.

Da aka cire ni daga ruwa, kumfa mai jini ce ke fita daga bakina. Na kalle ta a kan hannuna na kasa gaskata cewa tawa ce. Ni, Isiyaku ɗan Mamman, a ruwan da bai kai zurfin gurbin da muke kamun giwan ruwa ba.

Kwana goma sha ɗaya na yi a babban asibitin Camberwell. Likita ya ce huhuna ya ɗan tsage, kuma da na ƙara tasowa kamu biyu baki a rufe, da gawata za a sa a jirgi. Garba yana zuwa da tuwon semo a kwano, ya zauna bakin gado yana cewa, “Ɗan na gada, ai sai ka riƙa yin breathing kamar mu ’yan koyo.” Sai in karɓi kwanon in ci.

A kan wannan gadon wasiƙarka ta same ni, da rubutun Liman. Amsar wasiƙata ce, wadda a ciki na ce maka na fi kowa a aji. Ka ce ka ji daɗi, ka ce in riƙe abin da ka koya mini, kada Turawa su canza ni. Na karanta ta ina jin zafin numfashi a haƙarƙarina, na yi kuka. Na rubuto maka cewa mura ce ta kwantar da ni. Ƙarya na yi maka, Baba. Na kasa gaya maka cewa abin da ka fi alfahari da ba ni shi ne ya kusa kashe ni.

Ba laifinka ba ne. A gulbi, da iskar da mutum ya shaƙa a sama, maganarka gaskiya ce, ta ciyar da gidanmu tun kakanni. Ni ne na kai ta inda ba a yi ta domin nan ba, na kuma toshe kunnena saboda girman kai.

Bayan wata biyar aka yarda na koma ruwa. Na koma aji na fara daga farko, ina aron littafin Garba. Yanzu na daina ƙirga nutson da na yi. Na shiga teku, na ɗaure ƙarfe a duhu da lalube, na koyi tsayawa a rabin hanya in jira iskar da ta matsu a jikina ta ragu kafin in ƙarasa sama. Amma har gobe, duk lokacin da na juya zan taso, sai na ji bugun filafilinka a gefen jirgi, na ji muryarka tana cewa in riƙe. Sai in buɗe bakina in saki. Tun da ka haife ni ban taɓa saɓa maka ba sai a wannan, kuma kullum nake yi. Ka yafe mini.

Inna ta aiko da takarda cewa ba ka sha wahala ba. Ta ce da lokaci ya yi ka yi kalmar shahada, ka saki wani dogon numfashi a hankali, shi ke nan. Na daɗe zaune da takardar a hannuna. Ashe kai ma, Baba, da za ka tafi, ba riƙewa ka yi ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya shayar da kai daga ƙoramun Aljanna. Allah Ya saka wa Garba da alheri, Ya kawo ni gida in tsaya a kan kabarinka in sake faɗa maka wannan da bakina.

Ɗanka mai neman gafararka,
Isiyaku